Malam-buɗe-littafin cikin teku

Wanda ya tashi a Zawaciki, kifin da ya sani bai wuce tarwaɗa da karfasa ba, sai ragon ruwa in an taki sa'a. To, a Bahar Maliya, wadda alhazanmu ke tsallakewa kafin su sauka Jidda, akwai wani ɗan kifi da Turawa suka raɗa wa sunan malam-buɗe-littafi. Girmansa kamar tafin hannu, fele-fele kamar faifai, jikinsa rawaya da ratsin baƙi, kai ka ce saƙi ne aka sauke daga masaƙa. Danginsa sun haura iri 120, har a gaɓar tekun Afirka ta Yamma akwai mai ratsi uku.

Baƙin zane ne ya ratsa ta kan idonsa, kamar yarinyar da ta cika kwalli, har idon ya ɓace. Wasu kuma suna da baƙin ɗigo kusa da wutsiya, idon bogi ke nan. Babban kifi ya kai cafka inda ya zaci kai ne, shi kuwa ya zille ta ɗaya gefen. An ce kifi na ganinka mai jar koma. Wannan yana ganinka, kai ne ba ka san ta ina yake kallonka ba. Da yawansu ba sa zaman gwauro: bibbiyu suke yawo, miji da mata, shekara da shekaru.

Gidansa duwatsun murjani, dangin wanda ake yi wa amare tsakiya da shi. Ƙananan halittu ne ke gina su, su ne kuma abincin wasu irin kifin nan, da ke tsintarsu da ɗan tsukakken bakinsu. In ruwa ya yi zafi ko ya gurɓace, murjani ya koɗe ya mutu, kifayen nan suna cikin na farkon ɓacewa. Shi ya sa masana ke nutso suna ƙirga su, don ruwa ba ya tsami banza.

Mu ma muna da mai ratsi. Karfasa ce, wadda ke goyon ƙwanta a baki. Ita ma ruwanta bai tsira ba: dagwalon masana'antun jima na Sharada da Challawa yana gangarawa kogin Challawa, na Bompai ya bi rafin Getsi ya faɗa kogin Jakara. In ka bi ta gadar Tamburawa, tsaya ka tambayi tsofaffin masunta abin da komarsu ke fitarwa a da, da wanda take fitarwa yau.