Kafin Marubuci Ya Sa Hannu a Takarda

A Katsina Abubakar Imam ya rubuta Ruwan Bagaja a 1933, yana malami a makarantar Midil. Rupert East na Hukumar Fassara ta Zariya ne ya shirya gasar da ta haifi littafin, kuma a gasar ne yayan Imam, Malam Bello Kagara, ya fito da Ganɗoki. Imam ya rasu a 1981, amma har gobe ɗalibai na sayen Ruwan Bagaja. Marubucin da zai zauna ciniki da kamfanin ɗab'i ya kamata ya fara tuna wannan: littafi kan daɗe fiye da mai shi.

Ciniki iri biyu ne. Ko dai marubuci ya sayar da haƙƙin mallaka ɗungurungum, ya karɓi kuɗinsa ya tashi, ko kuma ya bai wa kamfani izinin bugawa na wasu shekaru, ana ba shi kaso daga kowane kwafi, galibi kashi 10 cikin 100. Na farko yana da daɗi ga mai matsuwa, amma nan ne ake tafka asara. Dokar haƙƙin mallaka da Shugaba Buhari ya sa wa hannu a 2023 ta kare littafi har shekara 70 bayan rasuwar marubucinsa, ke nan wanda ya sayar gaba ɗaya ya sayar har da rabon jikokinsa. Dokar ta kuma ce sai a rubuce irin wannan miƙawa take tabbata, "ai mun yi magana" ba hujja ba ce.

Ko kashi 10 ɗin ma, daga wane kuɗi? Farashin da ke bangon littafi, ko abin da ya saura bayan 'yan sari sun cire ragi? Kwafi nawa za a buga, wa zai ƙirga, yaushe za a zauna lissafi?

Sai batun da matasan marubutan Katsina suka fi yi wa sakaci: fim, fassara da karatun murya. Shaihu Umar na Abubakar Tafawa Ɓalewa, wanda ya fito daga waccan gasa ta Rupert East, ya zama fim a 1976. Yau kuwa littafin Hausa kan fita a WhatsApp da safe, da yamma wani na karanta shi a YouTube yana kwasar kuɗin talla. In yarjejeniya ba ta fayyace mai wannan haƙƙi ba, marubuci da kamfani kowa zai ce nasa ne.