Gimbiyar Toro: Lauya, 'Yar Tallar Tufafi, 'Yar Fim

A Fammar ko Kibiya, in aka ce 'yar sarki ta shiga tallar tufafi har ta kai ga fim, salati za a fara yi. To, an yi wata a Yuganda, kuma ba don rashin abin yi ba.

Sunanta Elizabeth Bagaya, 'yar Sarkin Toro George Rukidi na uku, an haife ta a 1936. Ta karanta shari'a a Kambirij, a 1965 ta zama mace ta farko daga Gabashin Afirka da aka rantsar lauya a Ingila. A shekarar mahaifinta ya rasu, ƙanenta ya gaje shi, ita kuma aka naɗa ta Batebe, wato babbar gimbiya mai ba sarki shawara.

Ba a jima ba shugaban ƙasa Milton Obote ya rushe masarautun ƙasar a 1967. Mutanen Rano, da aka ɗaga masarautarsu a 2019 aka sauke ta a 2024, sun san yadda alƙalamin gwamnati ke yi da rawani. Gimbiya ta koma Landan, Gimbiya Margaret ta Ingila ta gayyace ta nunin tufafi na neman taimako. Daga nan sai Amurka: mujallar Vogue, sannan bangon Harper's Bazaar a 1969, lokacin da baƙar fuska a irin wannan wuri abin nunawa da yatsa ce. A ganina dabara ta yi. An ƙwace gadon sarauta, amma duk inda hotonta ya fito sai an rubuta sunan Toro.

Wani fim ɗinta ma a Najeriya aka ɗauke shi, Bullfrog in the Sun, wanda aka gina kan littattafan Chinua Achebe. Ta kuma fito a Sheena a 1984, fim ɗin da bai kai darajarta ba.

Tsakanin biyun ne ta sha wuya. Shugaba Idi Amin ya naɗa ta ministar harkokin waje a 1974, ta yi jawabi a Majalisar Ɗinkin Duniya, kafin shekara ta ƙare ya tsige ta, ya kuma yi mata ƙazafin lalata a filin jirgin Faris. Jaridun Turai suka yayata. Ta kai su kotu, ta ci.

Shugaba Museveni ya tura ta jakadiya Amurka a 1986, daga baya kuma ta riƙe jakadancin Yuganda a Abuja.