Sarin Dutsen Ado Da Tayil A Maiduguri: Yadda Nauyi Da Nisa Ke Yanke Farashi

MAIDUGURI — Birnin Maiduguri yana zaune ne a kan yashi da laka, kuma wannan shi ne abu na farko da ya kamata duk mai niyyar shiga sarin dutsen ado da tayil a Jihar Borno ya sa cikin lissafinsa. Ƙasar da birnin yake kai tsohon kwarin Tafkin Chadi ce, wadda ruwa ya jibge wa rairayi cikin dubban shekaru, saboda haka babu wani dutse da za a fasa a kusa da gari. Mutanen Borno na dauri sun san da haka, shi ya sa manyan gine-ginen Birnin Gazargamu aka yi su da jan bulo da aka gasa, kuma da aka kafa Yerwa a 1907 zamanin Shehu Abubakar Garbai, ƙasa da bulo ne suka ci gaba da zama kayan gini a Shehuri da sauran unguwannin da ke kewaye da fadar Shehu.

A yau kuwa mai gida a Shehuri ta Arewa ko ta Kudu, idan ya tashi gyaran gidan gado, tayil yake nema a maimakon daɓen siminti ko tarazon da aka yi yayi a da, in kuma yana da hali ya ƙara da allon giranit a kicin da matakala. Masallatai da asibitoci da otal-otal da ofisoshin gwamnati su ma haka. Dukkan waɗannan kaya daga nesa suke zuwa a bayan mota.

Dutse mafi kusa da Maiduguri yana gindin duwatsun Mandara ne, wajen Pulka da Gwoza, kimanin kilomita 135 kudu maso gabas, sai kuma baƙin dutsen tudun Biu, kimanin kilomita 185. Amma abin da aka saba samowa daga waɗannan wurare tsakuwa ce da dutsen harsashi. Yanka dutse ya zama allo, a goge shi har ya yi ƙyalli, aiki ne na manyan injuna masu cin wuta da ruwa, kuma irin waɗannan masana'antu sun fi yawa a Abuja da Kudu. Bugu da ƙari, rikicin da ya ɓarke a 2009, wanda ya kai ga Gwoza ta faɗa hannun 'yan tada ƙayar baya daga Agustan 2014 zuwa Maris na 2015, ya daɗe yana hana zirga-zirgar tifofi a wannan hanya, har tsakuwar ma aka koma nemo ta daga yamma.

Ɗan sari a Maiduguri yana da ƙofofi uku. Ta farko ita ce masana'antun tayil na cikin gida, irin su West African Ceramics da BN Ceramics a Ajakuta ta Jihar Kogi, da CDK da Goodwill a Jihar Ogun. Sun zaɓi waɗannan wurare ne saboda bututun iskar gas, domin gasa tayil yana bukatar zafin da ya haura digiri 1,000. Ta biyu ita ce kayan waje da ke sauka a tashoshin jiragen ruwa na Legas, wato tayil na Foshan a ƙasar Sin da na Morbi a Indiya da na Sifen da Italiya, tare da allunan giranit da mabul. Ta uku kuwa ita ce manyan kasuwannin kayan gini da ke tsakani, wato Orile a Legas, Dei-Dei a Abuja da Ƙofar Ruwa a Kano, inda mai ƙaramin jari ke haɗa lodi kala-kala. Akwai mabul a ƙasar nan a Jakura da Igbeti da Okpella, sai dai galibinsa niƙa shi ake yi don wasu masana'antu, kaɗan ne ke fitowa a matsayin allo.

Rinjayen da kayan gida suka samu yana da tarihi. A watan Yunin 2015 Babban Bankin Nijeriya ya sa tayil cikin kayayyaki 41 da ya hana wa kuɗin musaya a farashin gwamnati, kuma wannan hani bai tashi ba sai a watan Oktoban 2023. Kafin ya tashi, an riga an saki naira a watan Yunin wannan shekara, inda dala ta tashi daga wajen naira 460 a farashin gwamnati zuwa fiye da naira 1,400 a farkon 2024. Wato dai an buɗe wa kayan waje ƙofa a daidai lokacin da kuɗinsu ya ninka sau uku.

Lissafin tirela ɗaya

A nan ne cinikin Maiduguri ya bambanta da na Legas ko Abuja. Daga Legas zuwa Maiduguri tafiyar kimanin kilomita 1,600 ce, daga Ajakuta fiye da 1,000, daga Kano kuma kusan 600. Layin dogon da ya iso birnin a 1964, wanda shi ne ya fi dacewa da kaya masu nauyi irin waɗannan, ya daɗe ba ya aiki. Mai tirela kuwa da nauyi yake yin ciniki, ba ruwansa da darajar abin da aka ɗora masa.

Murabba'in mita ɗaya, wanda 'yan kasuwa ke kira sukwaya, na allon giranit mai kaurin santimita 2 yana da nauyin kusan kilo 54, mai santimita 3 kuma kusan kilo 81. Tayil ɗin ƙasa mai faɗin 60 da 60 bai cika wuce kilo 20 zuwa 22 a kowace sukwaya ba. Saboda haka tirela mai ɗaukar tan 30 za ta ɗauko sukwaya wajen 1,400 zuwa 1,500 ta tayil, amma ta giranit mai santimita 2 ba za ta wuce 555 ba, mai santimita 3 kuwa 370. Ma'anar wannan ita ce, duk naira miliyan ɗaya da aka biya kuɗin mota tana ƙara wa kowace sukwayar tayil kimanin naira 700, ta ƙara wa ta giranit naira 1,800, ta ƙara wa mai kaurin naira 2,700. Idan man dizal ya tashi, kamar yadda ya yi tashin gwauron zabi a 2022, mai sayar da dutse ne ke fara jin zafin, kuma nasa ya ninka na mai tayil sau biyu da rabi ko fiye.

Daga wannan lissafi abubuwa biyu ke fitowa. Na farko, ɗauko kaya masu araha daga nesa ba dabara ba ce, domin kuɗin motar tayil mai daraja ta biyu da na mai daraja ta ɗaya duk ɗaya ne, alhali ribar da za ta biya shi ba ɗaya ba ce. Na biyu, duk santimita na dutse da aka ɗauko aka zo aka yanke aka zubar a Maiduguri an biya masa kuɗin tafiyar kilomita dubu a banza. Wanda ya karɓi awon matakala ko na kan teburin kicin tun daga nan, aka yanka masa a can inda injin yake, ya fi wanda ya ɗauko allo sukutum samun sauƙi, in dai awon ya yi daidai, don kuwa kuskuren awo a dutse ba ya gyaruwa.

Sai kuma fashewa. Allon dutse a tsaye ake loda shi, a jingine da katako, domin idan aka shimfiɗa shi a kwance ramin hanya ɗaya ya isa ya tsaga shi gida biyu. Kwalayen tayil ma a tsaye ake jera su. Kowace saukewa da sake lodi tana ƙara asara, ga shi kuma kayan da za su shiga lungunan tsohuwar unguwa irin Shehuri dole a sauke su daga babbar mota a sito, sannan a kwashe da ƙananan motoci ko kura. Ya wajaba tun kafin mota ta tashi a yi magana a rubuce a kan wanda zai ɗauki asarar abin da ya fashe, ko masana'anta ko direba ko mai kaya. Yawancin rigimar da ke ɓata tsakanin ɗan sari da wakilinsa na Kudu daga rashin wannan magana take tasowa.

Abin da ya dace da ƙasar

Ba kowane dutse mai kyau a ido ne ya dace da Borno ba. A ma'aunin tauri na ma'adinai, mabul yana wajen mataki na 3, giranit yana tsakanin 6 da 7, ƙwayar yashi kuwa tana mataki na 7. A garin da takalmi ke shigo da rairayi ɗaki kullum, kuma hunturu ke baza ƙura wata da watanni, mabul ɗin da aka shimfiɗa a ƙofar shiga ko farfajiya zai dusashe cikin ɗan lokaci. Wurinsa bango ne ko ɗakin da ba a shiga da takalmi. Haka kuma mabul ba ya jure tsami, kuma wannan ne ma hanyar gane shi: a ɗiga ruwan lemun tsami a bayan ɓallinsa, in ya ci wurin to mabul ne, giranit kuwa ko gezau. Baƙin giranit a fili yana ɗaukar zafi ƙwarai a watan Afrilu, lokacin da zafin gari ke wuce digiri 40, abin da ya kamata masu kwangilar harabar masallaci su lura da shi.

Dangane da tayil, abin dubawa shi ne yawan ruwan da yake sha. Wanda aka gasa sosai, mai jikin tangaran, ba ya shan ruwan da ya wuce rabin kashi ɗaya cikin ɗari na nauyinsa, na bango kuwa yana shan fiye da kashi 10 cikin ɗari, kuma ba a yi shi don a taka ba. Ɗigon ruwa a bayansa yana nuna bambancin nan take. A jikin kowane kwali akwai lambar gashi da ta launi, kuma kwali biyu masu suna ɗaya amma lamba daban sukan bambanta a launi ko a faɗi da milimita ɗaya ko biyu. A Legas mai gini zai koma kasuwa da yamma ya cike giɓinsa. A Maiduguri kuwa sai ya jira wata mota, wadda da wuya ta zo da lamba iri ɗaya. Don haka ɗan sari mai lura yakan sa abokin cinikinsa ya ƙara kashi 10 cikin ɗari a kan awon ɗakinsa tun farko. Kwalin 60 da 60 mai guda 4 yana rufe sukwaya 1.44 ne, kuma da wannan ake lissafin.

Ambaliyar da ta biyo bayan ɓallewar madatsar Alau a ranar 10 ga Satumba, 2024, wadda ta shafi Shehuri da fadar Shehu da Gwange da Kasuwar Litinin, ta ƙara bukatar gyaran gidaje, ta kuma nuna wani haɗari da masu sito ba su cika tunawa da shi ba. Ruwa ba ya cutar da tayil mai kyau, amma yana narkar da kwalinsa, lambar ta tafi, kayan su cakuɗe, sai a sayar da su a farashin ragowa. Farin mabul kuwa yana shan launin ruwan laka. Ɗaga kaya a kan katako da zaɓen sito a tudu sun zama wajibi, musamman da yake birnin ya taɓa ganin irin wannan ambaliya a 1994.

Jari da masu saye

Dutse ba ya ruɓewa, kuma wannan ne ke yaudarar sabon shiga ya ɗauka ajiyarsa ba ta da tsada. A ƙarshen 2024 Babban Banki ya kai kuɗin ruwansa kashi 27.5 cikin ɗari, na bankunan kasuwanci kuma ya fi haka. Lodin da ya yi wata 6 a sito a irin wannan yanayi ya cinye wajen kashi 15 cikin ɗari na jarinsa, ko da kuwa mai shi ba rance ya ci ba, domin da kuɗin sun juya a wata hajar. Ga kuma yayi, wanda ke sauya launi da faɗin tayil duk bayan 'yan shekaru. Manyan masu saye a jihar 'yan kwangilar sake gina garuruwa ne, na gwamnatin jiha da na Hukumar Raya Arewa Maso Gabas da aka kafa a 2017, kuma ɗan kwangila yakan so ya ɗauki kaya sai an biya shi ya biya. Ɗan sarin da ya ba da rabin sitonsa bashi ga mutum ɗaya ya zama abokin tarayya a kwangilar da bai ga takardarta ba.

Ɗaya kasuwar ita ce ta ƙetare. Hanyar Dikwa zuwa Gamboru Ngala, wadda sojoji suka sake buɗewa a 2016, ita ke kai kaya Kusiri a Kamaru da Njamena a Chadi. Kuɗin sefa a ɗaure yake da yuro, saboda haka faɗuwar naira ta sa tayil ɗin Ajakuta da na Ogun ya yi wa mai riƙe da sefa araha idan aka gwada da wanda ke biyowa ta tashar Duwala. Sai dai wannan hanya tana da nata kuɗin, na jiran rakiyar jami'an tsaro da na lalacewar titi da damina, kuma tilas a sa su a kan kowace sukwaya kafin a faɗi farashi ga mai saye daga Njamena.