Kafin a Kafa Gada, a Tambayi Mai Gona

Duk wanda ya bi hanyar Kano zuwa Katsina ya ga yadda aikin mai da ita tagwaye ya ratsa gonaki tun daga Dawanau, ya bi ta Bichi da Tsanyawa har iyakar Jihar Katsina, wajen kilomita 74. A ƙasarmu gona na jikin gona, babu wani daji da hanya za ta kauce ta bi. Inda ta iso rafi kuwa, nan ta fi taɓa mu, gama nan fadama take, nan ake shuka tumatir da albasa da rani, nan shanu ke sauka shan ruwa.

Gada ba ta tsayawa ita kaɗai. Sai an tara ƙasa hagu da dama an yi tudu domin mota ta hau. Tudun nan kamar madatsa yake. In bakin gada ko kwalbati ya yi kaɗan, ruwan damina zai taru a sama ya kwanta a kan gero, a ƙasa kuma ya fito da ƙarfi ya zaizaye gona. Wani lokaci hanyar ce da kanta ke tafiya, kamar yadda ruwa ya yanke ta Kano zuwa Maiduguri a ƙasar Katagum cikin Agusta 2024.

Saboda haka Doka mai lamba 86 ta 1992 ta ce kafin a fara babbar hanya sai an bincika abin da za ta jawo wa ƙasa da ruwa da mutane. Ana ajiye rahoton a ma'aikatar muhalli da sakatariyar ƙaramar hukuma har kwana 21 na aiki, domin kowa ya duba ya faɗi ra'ayinsa. Amma da Turanci ake rubuta shi, yawancin manoma kuwa ba su ma ji labarinsa ba.

To, ga aikin masu ilimi a cikinmu. Mu je mu karanta, mu fassara wa iyayenmu a gaban dagaci. Tsofaffi su nuna wa injiniya inda ruwa ya kai a shekarar da ya fi yawa. A nuna masa burtali da makabarta da hanyar da yara ke bi zuwa makaranta. A tambaye shi inda za a haƙi ƙasa, da wanda zai cike ramin, kada ya zama kududdufin sauro.

Mu kuma sani, Dokar Filaye ta 1978 tana biyan diyyar amfanin gona da itatuwa da gini, ban da ƙasar kanta. Ran da masu awo suka zo, mai gona ya tsaya a ƙirga kowace ɗorawa da mangwaro a gabansa. In an riga an zuba siminti, magana ta ƙare.