Sayen Kwamfuta: A Duba Ciki Kafin A Dubi Suna

A kwanakin baya wani ɗan'uwanmu mai sayar da goro a Agege ya zo mini da kwamfutar tafi-da-gidanka wadda ya saya wa ɗansa mai shirin jarrabawar JAMB, domin kuwa tun daga shekarar 2015 da kwamfuta ake rubuta wannan jarrabawa. Wata biyar ya yi yana tara kuɗin. Abin da ya gaya wa mai shago kawai shi ne yana son ta babban kamfani, mai alamar i7. Aka ba shi. Da muka kunna muka duba, lalle i7 ɗin ce, amma zubin shekarar 2012, batirinta kuwa ba ya kai minti ashirin. Mutumin da ba ya biyan kuɗin huhun goro sai ya kwance ganye ya zura hannu har ƙasa, ga shi ya sayi inji saboda sunan da ke bisa murfi.

Ba shi kaɗai ba ne. Mutanenmu da yawa mazauna Ikko da Badun da Anacha da Fatakwal suna shiga kasuwa da tambaya ɗaya, watau wane kamfani ne ya fi, alhali kuwa tambayar da ta fi amfani ita ce me ke cikin akwatin.

ASALIN ABIN

A watan Agusta na 1981 kamfanin IBM na Amurka ya fito da kwamfutarsa ta tebur a kan dala 1,565. Don gaggawa bai tsaya ƙera kome da kome da kansa ba: ƙwaƙwalwar injin ya saya daga Intel, manhajar da ke tafiyar da shi kuwa daga Microsoft. Da wasu suka ga haka, sai su ma suka je wurin Intel da Microsoft suka sayo, suka haɗa nasu mai aiki iri ɗaya. Compaq na cikin na farko. A 1984 wani ɗalibi mai suna Michael Dell ya fara haɗawa yana sayarwa daga ɗakinsa na jami'a a Texas. Daga baya HP ya haɗiye Compaq a 2002, shi kansa IBM ya sayar da wannan sashe nasa ga Lenovo na ƙasar Sin a 2005. A nan gida ma an yi irin wannan ƙoƙari, inda Leo Stan Ekeh ya kafa Zinox a 2001.

Saboda haka har wa yau, in ka buɗe HP da Dell da Lenovo da Acer da Asus, abin da za ka tarar a ciki daga gidaje ƙalilan ya fito. Ƙwaƙwalwa galibi ta Intel ce ko AMD. RAM yawancinsa na Samsung ne ko SK Hynix ko Micron. Har haɗa injin ma sau da yawa wasu masana'antu na Taiwan ne, irin su Quanta da Compal, ke yi wa kamfanoni dabam-dabam a kan kwangila. Abin da kamfani ke ƙarawa shi ne ƙwarin jiki, da kyawun allo, da garanti, da sauƙin samun kayan gyara. Waɗannan suna da daraja, amma ba su ne ƙarfin inji ba.

ABUBUWA UKU

Na farko ƙwaƙwalwa, wadda masu gyara ke kira furosesa. Alamar i3 da i5 da i7 matsayi ne a cikin zubi ɗaya, ba su gaya maka shekarun inji. Shekaru suna cikin lambar da ke biye. In ka ga i5-3320M, zubi na uku ke nan. I5-8250U zubi na takwas. I5-1135G7 kuwa na goma sha ɗaya. Ƙaramar i3 ta zubi na goma sha biyu ta fi tsohuwar i7 ta 2012 gudu nesa ba kusa ba. Kamar sa ne a kara: ba girman ƙaho ake dubawa ba, haƙori ake dubawa.

Na biyu RAM, watau filin da inji ke baza aikinsa. Giga 8 shi ne mafi ƙarancin abin da za a zauna lafiya da shi, giga 16 kuwa ya fi ga mai buɗe abubuwa da yawa lokaci ɗaya. A tambaya ko ana iya ƙarawa, domin a wasu siraran injuna manne shi ake yi. A ƙarshen 2025 farashinsa ya yi tashin gwauron zabi a duniya, saboda manyan kamfanonin ƙirƙirarriyar basira suna ta kwasa, don haka kada a ɗauka ƙarin na gaba zai zo da araha.

Na uku rumbun ajiya. Tsohon irin mai faifai ne da ke juyawa, sabon kuwa shi ake kira SSD, ba abin da ke motsi a cikinsa. SSD mai giga 256 ya fi tsohon rumbu mai giga 1,000 daɗin aiki, sai fa in tara finafinai ne nufinka.

KAMFANI DA KAMFANI

Kowane babban kamfani yana da kayan gida da kayan ofis. Na gida ƙyalli ne da roba, an rage musu kuɗi ta wajen maƙalin murfi da allo. Na ofis su ne Latitude da OptiPlex na Dell, EliteBook da EliteDesk na HP, ThinkPad da ThinkCentre na Lenovo. An yi su don aikin yini cur, ana kwance su da sauƙi, kayan gyaransu kuma sun cika titin Otigba da ke kasuwar kwamfuta ta Ikeja. Bambancin da ke tsakanin na gida da na ofis a kamfani ɗaya ya fi bambancin da ke tsakanin Dell da HP girma. Acer da Asus sau da yawa sukan ba da kayan ciki masu ƙarfi a kan kuɗi kaɗan, sai dai a fara tambayar mai gyara ko yana samun allonsu da batirinsu.

Apple shi ne ya fita daban. Tun watan Nuwamba na 2020 ya fara sa ƙwaƙwalwar da ya tsara da kansa, M1 da ƙannenta. Injunan suna da gudu, batirinsu yana daɗewa, kuma suna riƙe daraja in za a sayar. Amma RAM ɗinsu a haɗe yake da ƙwaƙwalwa, abin da ka saya ran farko da shi za ka zauna, gyara kuwa da tsada. Ga mai haɗa bidiyo ko zane da yake cin abinci da injinsa, kuɗin na iya dawowa. Ga yaro mai koyon JAMB ko mai buga takardu a bakin sakatariya, almubazzaranci ne.

TOKUMBO DA TARKONSA

Tun da aka saki Naira ta nemi farashinta a kasuwa a watan Yuni na 2023, sabuwar kwamfuta ta fi ƙarfin mutane da yawa, aka koma tokumbo. Ba laifi ba ne, domin injin ofis da wani kamfani na Turai ya yi shekara huɗu da shi yakan fi sabo mai araha ƙwari. Amma akwai tarko. Ranar 14 ga Oktoba, 2025 Microsoft ya daina kula da Windows 10, in ban da ƙarin wa'adi na shekara guda da ya ba waɗanda suka yi rajista. Windows 11 kuwa a ƙa'idarsa yana neman Intel daga zubi na takwas zuwa sama, ko Ryzen na AMD daga jerin 2000, tare da wani makullin tsaro da ake kira TPM 2.0. Injin da bai kai haka ba zai ci gaba da kunnuwa, amma ba mai toshe masa ɓaraka, kuma a kansa ne za ka buɗe asusunka na banki. Wanda ya riga ya saya yana iya sa masa Linux, irin su Ubuntu, kyauta ne. Wanda bai saya ba tukuna, kada ya sauko ƙasa da zubi na takwas kome zaƙin bakin mai shago.

HAƊA TAKA DA KANKA

Wannan ta tebur ake yi wa, ba tafi-da-gidanka ba. Kayan bakwai ne: ƙwaƙwalwa da fankarta, madabod watau babban faifan da kome ke zama a kansa, RAM, SSD, tukunyar wuta, akwati, sa'an nan katin hoto in aikin yana bukata. Sukundireba ɗaya ta isa. Wahalar tana wajen dacewa, domin ƙwaƙwalwar AMD ba ta zama a gurbin Intel, AM4 ba AM5 ba ne, kuma RAM irin DDR4 ba ya shiga ramin DDR5.

Amfanin haɗawa shi ne kai ke zaɓen kowane abu, duk wanda ya mutu shi kaɗai za ka canza. Wannan ba ƙaramin abu ba ne, domin a wasu injunan manyan kamfanoni tukunyar wuta da madabod nasu ne su kaɗai, na kasuwa ba ya shiga. Ga mai haɗa bidiyon biki ko mai zanen gini, haɗawa takan ba da ƙarfi fiye da na kanti a kan kuɗi ɗaya. Amma ga aikin rubutu da lissafi, gaskiya tokumbon OptiPlex ko ThinkCentre da aka ƙara wa RAM da SSD ya fi araha. Kuma a tuna, in ka haɗa da kanka ba wanda za ka kai wa ƙara, kuɗin Windows da na allo da kibod duk a wuyanka suke. Abu ɗaya da ba a yi wa rowa shi ne tukunyar wuta, domin in ta ƙone takan tafi da sauran.

Sa'an nan ga maganar lantarki. Ta tebur tana mutuwa da zarar an ɗauke wuta, sai an haɗa mata UPS, kuma ta fi cin wuta ninki-ninki, abin da mai biyan kuɗin Band A ko mai sayen man janareta zai ji a aljihunsa. Wanda ke zaune a ɗaki ɗaya a Idi-Araba ko Sabon Badun, ko mai yawan zuwa gida da salla, tafi-da-gidanka ce ta dace da shi.

RANAR KASUWA

Tun daga gida ka rubuta abin da kake so a takarda: zubin ƙwaƙwalwa, yawan RAM, girman SSD. Ka kai wannan takarda shago uku a rana ɗaya, domin farashi yana bin dala, na makon jiya ba ya aiki yau. Kada ka yarda da tambarin da aka liƙa a jiki. A kunna a gabanka, a danna Ctrl da Shift da Esc tare, injin da kansa zai faɗi abin da ke cikinsa. A cire caja a ga yadda batir ke sauka, a gwada kowane maɓalli da kowace kafa. A tabbata ba a kulle shi da kalmar sirri ta tsohon mai shi ba, musamman Apple. Ka shiga cikin shago, ban da ciniki da masu tare mutane a bakin titi, kuma a rubuta lambar injin da kwanakin garanti a kan rasit.

Shi kuwa ɗan'uwanmu na Agege, mun sa wa injinsa sabon batir da SSD, yaro yana koyon buga rubutu da shi. Kuɗin da aka ƙara da an haɗa tun farko, da ya sayi wanda ya fi shi ƙuruciya da shekara biyar. Allah ya kiyaye mana guminmu, amin.