Ba Iska Kaɗai Ke Yaye Kwano Ba

A ƙasar Kabi, da an ambaci bala'in damina hankalin kowa kan ambaliya yake komawa, kuma da dalili. Wanda ya ga yadda ruwa ya shanye shinkafar fadama daga Argungu har Birnin Kebbi a 2020 ba zai manta da wuri ba. Amma tun kafin gulbi ya cika a watan Agusta da Satumba akwai wata ɓarnar da ke riga shi isowa, a watan Mayu da Yuni, bayan zafin bazara ya kai maƙura. Da la'asar sakaliya hadari zai haɗo daga gabas, jar ƙura ta turnuƙe gari, cikin 'yan mintoci a ji kwano yana kururuwa a sama, kafin ma ɗigon ruwa ya taɓa ƙasa. Gari na wayewa a ga azuzuwan makaranta a buɗe, turakun lantarki a kwance, magidanta suna tsintar kwanonsu a gonakin mutane. Jami'an agajin gaggawa su zo su ƙirga, bayan makonni a raba kwano da siminti da buhunan hatsi, a sake buga rufin yadda aka buga na farko. Wannan maimaicin ne abin dubawa, domin mafi yawan rufin da iska ke ɗauka tun ranar da kafinta ya sauko daga kansa aka yanke masa hukunci.

Iskar da ke yi mana wannan ɓarna ba ita ce ƙaramar guguwar rani mai murɗa yayi da ledoji a fili ba, kuma yawanci ba irin mahaukaciyar guguwar Amurka ce mai saukowa daga gajimare tana juyawa ba. Tamu daga cikin hadarin take fitowa. Manyan hadura na yankin Sahel sukan jeru a layi mai tsawon ɗaruruwan kilomita, su taso daga gabas su nufi yamma, kuma su ne ke kawo mafi yawan ruwan da muke noma da shi. A farkon damina iskar da ke ƙarƙashin gajimaren busasshiya ce, don haka ruwan da ya fara zuba sai ya ƙafe tun bai iso ƙasa ba. Ƙafewar tana sanyaya iskar, ta yi nauyi, ta faɗo da ƙarfi, ta daki ƙasa ta bazu gaba tana tura ƙura. Shi ya sa ake jin sanyi kwatsam kafin ruwa, shi ya sa kuma hadarin farko ya fi na tsakiyar damina muguwar iska. A kwari mai faɗi kamar na Rima, inda fadama take shimfiɗe ba tudu ba kurmi, babu abin da ke rage mata gudu kafin ta iso gidajen bakin gari. A 2017 wasu masana ƙarƙashin jagorancin Christopher Taylor na Birtaniya suka wallafa bincike a mujallar Nature, bayan nazarin hotunan tauraron ɗan Adam, suka nuna cewa hadura mafiya tsanani a Sahel sun ninka sau uku tun daga 1982, suka kuma danganta hakan da ƙaruwar zafin hamadar Sahara. Wanda ke gini yau, ke nan, yana gini ne don iskar da ta fi wadda kakansa ya sani yawan zuwa.

Abin da mutane da yawa ba su lura da shi ba shi ne iska ba ture rufi take yi ba, ɗaga shi take yi. Idan ta bugi bango ta haura ta bi ta saman kwano da gudu, sai ta riƙa zuƙo shi sama, kuma zuƙar ta fi ƙarfi a gefuna da kusurwoyi. In ƙofa ko taga ta ɓalle a ɓangaren da iskar ke bugowa, sai ta cika ɗakin ta tura rufin daga ciki, ya zama ana ja daga sama ana turi daga ƙasa. Ƙarfin kuwa ba daidai da gudun yake ƙaruwa ba: gudun iska in ya ninka biyu, ƙarfinta ninki huɗu yake yi. Abin da zai riƙe rufi a wannan hali sarƙa ce mai haɗi da yawa, daga kwano zuwa katakon da aka buga shi a kai, daga nan zuwa manyan katakai, daga su zuwa bango, daga bango zuwa tushe. Haɗi ɗaya ya yi rauni, sauran ba su da amfani. Mu kuwa mun san yadda ake yi. Kwanon ya yi siriri har yana yagewa a bakin ƙusa, ƙusoshin an tsallaka su don a rage kuɗi, katakon ɗanye ne ko gara ta cinye cikinsa, sannan rufin gaba ɗaya an ɗora shi kan sahun bulo na ƙarshe da 'yar waya ko guntun langa-langa da bai kai ga linta ba. Duwatsu da tsofaffin tayoyin da ake jerawa a kan rufi shaida ce cewa masu gidajen sun san matsalar. Sai dai in iskar ta yi ƙarfi, su ma tare da kwanon suke tashi su faɗa kan mutane.

A wannan batu na ɗaurin rufi yana da kyau a dubi Amurka, wadda takan ga guguwa mai juyawa sama da 1,000 a shekara, wasu tun sanyi bai gama fita ba. Ranar 3 ga Maris, 2019, wata ta ratsa gundumar Lee a jihar Alabama ta kashe mutum 23, da yawansu a gidajen tafi-da-gidanka marasa kafaffen tushe. Abin koyi a wurinsu shi ne abin da suke yi washegari. Masana sukan bi sawun ɓarnar gida-gida suna duba inda kowane gini ya fara sakewa, kuma da wannan dubawar ce ma suke auna ƙarfin guguwar, a kan ma'aunin Fujita da suka sabunta a 2007. Garin Moore na jihar Oklahoma, bayan guguwar 2013 da ta kashe mutum 24, ya sauya dokar gininsa a 2014, ya wajabta a ɗaure rufi da bango da maɗaurin ƙarfe yadda gida zai jure iska mai gudun kusan kilomita 217 a awa. Ba su yi da'awar hana babbar guguwa rushe gida ba. Sun lura ne cewa yawancin guguwa ba manya ba ne, kuma yawancin gidajen da ke lalacewa a gefen hanyarta suke, inda ɗauri mai kyau ya isa ya cece su. Tamu iskar ba kasafai take kaiwa wannan gudun ba.

Wani zai ce iska ta Allah ce, abin da aka ƙaddara ba makawa. Gaskiya ne, kuma babu mai imani da zai musa. Amma manomin da ke faɗar haka shi ne ke ɗaga kunya a fadama don ruwa, ɗan kasuwar da ke faɗar haka shi ne ke sa kwaɗo biyu a shago, kuma ba wanda ya ce tawakkalinsu ya ragu. Hujjar da ta fi wannan nauyi ita ce ta talauci, domin kayan gini sun yi tsadar da magidanci kan yi shekaru yana tara kuɗin kwano. Sai dai a yi lissafin da kyau. Kwano da katako su ne masu cin kuɗi, langa-langa da ƙarin ƙusa a gefuna da kusurwoyi kaɗan ne a kansu, kuma su ne ke tsare dukiyar da aka kashe. Rage tsawon bakin rufin da ke leƙowa waje ba ya cin ko kwabo, ragi ma yake kawowa. Ɗaga bango ya ɗan haura gefen kwano, kamar yadda ake yi a gine-ginen Arewa da dama, yana hana iska samun bakin kamawa. Rufi mai gangara huɗu ya fi mai gangara biyu jurewa. Talaka ne ya fi kowa buƙatar waɗannan, tunda shi ne ba zai iya sayen kwano sau biyu ba.

Akwai kuma masu cewa a koma soro, wanda iska ba ta ɗagawa saboda nauyinsa. Tsohuwar fadar da ta zama gidan tarihi na Kanta a Argungu ta nuna abin da ginin ƙasa zai iya. Amma soro yana son yaɓe duk shekara, ruwan Agusta yana rusa wanda aka yi wa sakaci, giginyar da ake samun azara daga gare ta kuma ta yi ƙaranci. Kwano ya zauna, gyara ɗaurinsa ne aikin. Batun itatuwa ma yana son a faɗe shi daidai. Dogon yaro da ke jingine da ɗaki, ba a taɓa rage masa rassa ba, haɗari ne. Layin itatuwa a gabashin gari, nesa kaɗan da gidaje, garkuwa ne. A kwarin Majiya da ke yankin Tawa a Nijar an fara dasa irin waɗannan layuka na dogon yaro a 1975, suka rage wa gonaki bugun iska har amfanin gona ya ƙaru. Kebbi tana cikin jihohi 11 na shirin dasa itatuwa na Babbar Koriyar Ganuwa, amma gari mai turara shinkafa da bandar kifi da itace yana cin itatuwansa da sauri, in ba a dasa da niyya ba.

Nauyi mafi girma a kan hukuma yake, domin gine-ginenta, musamman makarantun firamare masu dogayen azuzuwa da tagogi marasa murfi, suna cikin waɗanda iska ta fi yayewa, kuma da kuɗin jama'a aka yi su bisa kwangila. Nijeriya tana da kundin ƙa'idojin gini tun 2006, amma kundi ba ya hawa tsani ya duba ƙusa. Kada a biya ɗan kwangila sai injiniya ya ga ɗaurin rufi kafin a rufe shi da silin. Masu ƙirga ɓarna su riƙa rubuta inda kowane rufi ya saki. Duk bandir ɗin kwanon agaji ya zo da langa-langarsa da ƙusarsa, a kuma tara kafintocin Argungu, Augie da Kangiwa a nuna musu ɗaurin da ya dace, ta hannun shugabannin sana'arsu da hakimai. Kai kuma maigida, watan Maris da Afrilu ne lokacinka: ka sa a hau a duba katako, a ƙara ƙusa a gefuna, a gyara sakatar ƙofa da taga, a sare reshen da ya rataya a kan ɗaki. In jar ƙura ta taso daga gabas, a kira yara cikin ɗaki, a rufe ƙofofi da tagogi, kada kowa ya fita bin kwano sai iska ta kwanta.