Daga dandalin ƙauye zuwa Takobi: Dalilin da ya sa hanyar ɗan kokowar Dakoro ke da nisa

Idan aka gama yankan gero a ƙauyukan gundumar Dakoro, aka ɗaure damma aka kai rumbu, abin da ke biyo baya sananne ne ga duk wanda ya tashi a yankin. Da la'asar sakaliya ko a farin wata, makaɗa kan fito da ganga, yara su share fili, samarin wani gari su iso a ƙafa ko a kan babur, sai a yi da'ira. Wanda ya ji ƙarfinsa ya ɗaura walki, ya shiga tsakiya ya yi kirari, ya jira wanda zai amsa. Ba tikiti, ba alƙali mai usur. Dattawan da suka yi kokowa a zamaninsu su ne ke raba gardama, ladan kuwa shi ne abin da 'yan kallo suka liƙa, da sunan da za a tafi da shi kasuwa washegari.

Daga irin wannan fili zuwa Takobin Ƙasa, wato gasar da ke tsayar da harkoki a Nijar na kusan kwana goma duk shekara, akwai tazara mai yawa. Ga saurayin Dakoro kuma, tazarar ta fi ta takwarorinsa na wasu yankunan, kuma lissafi ne kawai ke nuna hakan.

Gurbi goma ga kowa

Tsarin gasar Takobi bai da wuyar fahimta. Jihohi takwas ne a Nijar: Agadez, Diffa, Dosso, Maradi, Tahoua, Tillabéri, Zinder da birnin Yamai. Kowace jiha na zuwa da 'yan kokowa goma, jimilla 80. Jihohi na karawa da juna kullum, kuma duk wanda aka kai ƙasa sau ɗaya ya fita daga neman takobi, ko da zai ci gaba da kokowa don jiharsa. A hankali waɗanda ba a kayar ba suna raguwa, har a kai ga biyu.

To amma jihohin ba girmansu ɗaya ba. A ƙidayar jama'a ta 2012, jihar Maradi na da mutum kusan miliyan 3 da dubu 400. Gundumar Dakoro ita kaɗai ta haura mutum dubu 600, adadin da ya zarce na dukan jihar Diffa, ya kuma zarce na dukan jihar Agadez a wannan ƙidayar. Ma'ana, Diffa na da gurbi goma, Agadez na da gurbi goma, ita kuwa Dakoro, wadda ta fi kowaccensu yawan jama'a, sai ta yi rabon nata goman da Tasawa, Mayahi, Madarunfa, Gidan Rumji, Agye, Gazawa, Bermo da birnin Maradi kansa. Kuma waɗannan ba wuraren wasa ba ne a fagen kokowa.

Saurayin da ya gagari Kornaka ko Sabon Mashi ko Birnin Lalle sai ya fara tsallake zaɓen gunduma, sannan ya gangara Maradi, tafiyar da ta haura kilomita 100, ya tarar da waɗanda suka daɗe a tawagar jiha suna jiran sa. Faɗuwa ɗaya a ranar da bai dace ba na iya zama ƙarshen maganar shekara guda. Shi ya sa ba sabon abu ba ne a kokowar Nijar a ga ɗan wata jiha ya ɗaura walkin wata, musamman jihohin da ba su da tarin 'yan kokowa amma suna da masu ɗaukar nauyi. Masu kishin gida na kiran hakan cin amana. Wanda ya duba lissafin da ke sama zai yi wuya ya ga laifin saurayin.

Gadon Kantu

Abin da ya ƙara wa gasar cikin gida zafi shi ne tarihin Maradi kanta. A 1975, zamanin mulkin Seyni Kountché, aka yi gasar ƙasa ta farko a Tahoua, kuma ɗan Maradi ne, Yakuba Kantu, ya tafi da takobin. Filin kokowar birnin Maradi sunansa yake ɗauke da shi a yau, kamar yadda na Dosso ke ɗauke da sunan Salma Ɗan Rani, na Damagaram kuma Langa-Langa. Daga baya Umaru Ali Bindigau ya sake ɗaga sunan jihar. Yaron da ya tashi a kowane ƙauye na Maradi da waɗannan sunayen ya tashi, kuma da su ake auna shi.

Gwamnatin Kountché ta ɗauki kokowa ne a matsayin hanyar haɗa kan ƙasa, shi ya sa gasar ke zagayawa daga jiha zuwa jiha. Dabarar ta yi aiki fiye da yadda aka zata. Duk da an samu shekarun da ba a yi ba, a watan Disamban 2024 an kai karo na 45 a Dosso, inda Abba Ibrahim na Yamai ya ɗauki takobin, shekara guda bayan Kadri Abdou, wanda aka fi sani da Issaka Issaka na Dosso, ya ɗaga nasa na shida a Agadez. Wanda ya yi nasara kan tafi da takobi, doki, rawani da babbar riga, da miliyoyin CFA, ban da kyaututtukan 'yan kasuwa da 'yan siyasa.

Kwanakin gasar, Télé Sahel da Voix du Sahel na watsa ta kai tsaye. 'Yan Dakoro da ke Tamanrasset, Sabha, Legas ko Abidjan na bin ta a waya, ana tura musu guntayen bidiyo ta WhatsApp da Facebook tun ƙura ba ta lafa ba. Makaɗa na wasa gwanayensu, 'yan cali-cali na kwaikwayon faɗuwar wanda aka kayar jama'a na dariya, layu da guraye na cika damatsa. Kasuwanni kan yi shiru a lokacin karon ƙarshe.

Sai dai takobi ɗaya ne, mutum 80 ne suka zo nemansa, kuma dubbai ne ba su ma samu zuwa ba.

Sauran kwana 355

A nan ne matsalar ɗan kokowar Dakoro take. Gasar kwana goma ce, shekara kuwa ba ta ƙarewa a nan. Dakoro na kan iyakar da noma ke ƙarewa kiwo ya fara, kusa da kwarin Tarka, inda damina ke da gajarta kuma ba ta da tabbas. Yankin na cikin waɗanda yunwar 2005 ta fi taɓawa. Hausawa sun ce sai da ruwan ciki ake jan na rijiya, kuma ba wasan da ya fi kokowa gaskata wannan magana: a shekarar da rumbu bai cika ba, ganga ba ta daɗewa a dandali, domin jikin da zai ɗaga ƙato ya buga da ƙasa fura da nono da tuwo ke gina shi.

Lokacin kokowa kuma shi ne lokacin tafiya bida. Da zarar an gama aikin gona, samari masu shekara 18 zuwa 30, waɗanda su ne ƙarfin dandali, su ne ke hawa mota zuwa Nijeriya, Aljeriya, Libiya, ko wuraren haƙar zinariya na arewa irin su Djado, inda aka fara tururuwa tun 2014. Saurayi mai ƙarfi yana da zaɓi biyu a watan Nuwamba. Ko ya zauna ya yi atisaye don zaɓen da ba shi da tabbacin tsallakewa, ko ya tafi ya nemo abin da zai riƙe gida har shuka. Mahaifin da ke da baki goma a gidansa ya san wanda zai ba ɗansa shawara.

Akwai hanya ta uku da ta daɗe tana riƙe da 'yan kokowar Maradi, wato tsallakawa Nijeriya da rani, ta Ɗan Isa zuwa Jibiya da Katsina, ko Sakkwato da Kano, inda masu shirya wasa ke biyan gwanaye su kara. Wannan ma ta yi rauni. Bayan juyin mulkin 26 ga Yulin 2023 an rufe iyaka na tsawon watanni, kuma ko bayan Nijeriya ta buɗe nata ɓangaren a Maris ɗin 2024, faɗuwar darajar naira ta sa ladan da a da ake dawowa da shi a sayi tumaki ya koma abin da ba ya taka kara ya karya idan aka canza shi zuwa CFA. Ficewar Nijar daga ƙungiyar ECOWAS, wadda ta tabbata a Janairun 2025, ta kuma taɓa wani fagen: gasar kokowar ƙasashen ƙungiyar, wadda Yamai ta sha karɓar baƙuncinta, inda 'yan Nijar ke gwada kansu da na Senegal da Nijeriya bisa rukunin nauyi.

Yadda wasu suka gina tsani

Senegal ce misalin da aka fi kawowa, kuma da dalili. Can ma daga wasan bayan girbi kokowa ta fito. Amma tun shekarun 1990, lokacin da Mohamed Ndao da ake kira Tyson ya fara karɓar manyan kuɗi, ta zama sana'a mai 'yan kasuwa masu shirya wasa, kamfanonin da ke talla, da ƙungiyoyin horo a unguwanni inda yaro ke shiga tun yana ƙarami. Ana wasa kusan duk tsawon kakar, ba sau ɗaya a shekara ba. A 2018 aka buɗe babban filin kokowa na ƙasa a Pikine, kusa da Dakar. Daga wannan fage ne Oumar Kane, wanda aka fi sani da Reug Reug, ya tsallaka zuwa faɗan keji, har ya ci kambun masu nauyi na kamfanin ONE a Nuwamban 2024. Ba komai na Senegal ne abin koyi ba. Tasu kokowar ta kuɗi ana haɗa ta da naushi, kuma rigimar magoya baya ta sha jawo asarar rai da dukiya. Amma ɗan kokowa matsakaici a Dakar na iya samun wasa a watan Afrilu, abin da ke wa na Kornaka wuya.

A Amurka kuwa makaranta ce tsanin. Kamaru Usman, haifaffen Auchi a Nijeriya, a makarantar sakandare ta jihar Texas ya fara kokowa. Daga nan ya wuce jami'a, ya ci gasar ƙasa ta rukuninsa a 2010, sannan ya zama zakaran UFC a 2019. Kokowar ce ta buɗe masa ƙofar karatu, ba ita ta fitar da shi daga aji ba. A ƙauyukan Dakoro abin ya sha bamban. Gona da garke ne ke horar da ɗan kokowa, kuma yaron da ya yi nisa a boko yawanci ya bar dandali tun da wuri. Duk da kasancewarta wasan ƙasa, kokowa ba ta taɓa kawo wa Nijar lambar Olamfik ba. Biyun da ƙasar ke da su, ta Issaka Daboré a damben zamani a 1972 da ta Abdoul Razak Issoufou Alfaga a tekwando a 2016, daga wasu fagagen suka zo. Nijeriya kuwa, wadda ta zuba ƙarfi a kokowar zamani, ta samu azurfa ta hannun Blessing Oborududu a wasannin Tokyo.

Resilin ɗin WWE da yara ke kallo a waya da gidajen kallo wani abu ne daban, domin an san wanda zai ci tun kafin a hau dandamali, ko da yake faɗuwar da raunin na gaske ne. Abin lura a wajensu shi ne yadda ake sayar da labari. Kamfanin Netflix ya amince ya biya dala biliyan 5 cikin shekara goma don nuna shirin Raw daga Janairun 2025, kuma 'yan asalin Legas biyu, Omos da Oba Femi, na cikin masu cin abinci a wannan kasuwa. Kirari, kiɗa, shigar ban tsoro da tsohuwar gaba tsakanin gwanaye, duk abin da WWE ke biyan marubuta su ƙirƙira, dandalin Sabon Mashi na da shi kyauta, ga shi kuma ba a shirya sakamako.

Ba sai an kai Dakar ko Texas ba kafin a ga inda gyara zai fara. Gasa tsakanin ƙananan hukumomin gundumar, wadda ke da ranaku tsayayyu daga Disamba zuwa Afrilu da lada ko da kaɗan ne, za ta bai wa saurayi dalilin jinkirta tafiya. Rukunin matasa da rukunin nauyi za su hana a haɗa ɗan shekara 17 da ƙaton da ya ninka shi, a karya masa gwiwa tun bai fara ba. Hukumar kokowa ta ƙasa kuma na iya sake duba ko gurbi goma ga kowace jiha, tsarin da ya yi daidai da manufar haɗa kan ƙasa, har yanzu yana yi wa jihohi masu miliyoyin jama'a adalci. Su kansu 'yan bida, waɗanda ke tura kuɗi gida duk wata kuma su ne suka fi kowa cinye data wajen kallon Takobi, kasuwa ce da har yanzu ba a yi wa kyakkyawan tanadi ba.

Kafin nan, tsarin na nan yadda yake. A watan Nuwamba za a buga ganga a ƙauyukan Dakoro, wani saurayi zai kayar da duk wanda ya tsaya gabansa, wani zai ɗauka a waya ya tura wa ɗan'uwansa a Sabha. Bayan mako biyu ko uku, ko dai a ga saurayin a motar Maradi zai je zaɓe, ko a ta Agadez da jakar tafiya a kafaɗa.